Wuƙar Aljihu ta Taitaniyam da Bakinta Mai Kabaid

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, abin da na ke so mu duba tare a wannan fitowa wata irin wuƙa ce wadda waɗansu maƙera na Amurka da na ƙasashen Turai su ke ƙerawa da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Wuƙar aljihu ce, irin wadda a kan ninke ruwanta ya shige cikin mariƙinta. Amma ba da baƙin ƙarfe a ke yinta ba, da wani ƙarfe ne da a ke kira taitaniyam, sa'an nan a shafa wa bakinta wani abu mai tsananin tauri, sunansa kabaid. Watakila wani ya ce, ina ruwan malamin firamare da wuƙar da kuɗinta ya kai dala ɗari da ɗari? Ruwansa kuwa shi ne, duk yaron da za mu koya wa ya san wuƙa, ya san kuma ta kan dakushe, amma ba kowane malami ne zai iya gaya masa dalili ba. Wannan wuƙa kuwa, saboda an yi ta da ƙarfen da bai dace da kaifi ba, ita ce ta fi kowace bayyana mana abin da a ke nufi da kaifi.

Asalin ƙarfen

A shekarar 1791 wani limamin coci mai suna William Gregor, a yankin Cornwall ta Ingila, ya ɗebi wani baƙin yashi a bakin rafi, ya bincika, ya ga akwai wani ƙarfe a ciki wanda ba a san shi ba. Bayan shekara huɗu, a 1795, wani Bajamushe, Martin Klaproth, ya sake gano shi cikin wani dutse dabam, ya raɗa masa suna daga sunan waɗansu ƙatti na tatsuniyoyin Girkawa. Amma gano abu daban, fid da shi daban. Sai a 1910 Matthew Hunter ya sami tsantsarsa a Amurka, ɗan kaɗan. Hanyar da a ke bi a masana'antu har yanzu kuwa William Kroll ne, mutumin Lukzambur, ya fito da ita wajen ƙarshen shekarun 1930.

Ba wai ƙarfen ne ya yi ƙaranci a ƙasa ba. Cikin dukan sinadaran da ke ɓawon duniya shi ne na tara wajen yawa. Wahalar ita ce, taitaniyam yana da kwaɗayin iskar oksijin ƙwarai, in ya kama ta ba ya saki. Kakanninmu sun narka tama da gawayi sun sami ƙarfe, gama gawayi ya kan janye oksijin daga tama. In aka gwada haka da dutsen taitaniyam, sai ƙarfen ya rungumi gawayin kansa, a tashi da wani abu mai gautsi wanda ba ya ƙeruwa. Saboda haka sai an bi ta doguwar hanya. A haɗa dutsen da iskar kulorin da gawayi cikin zafi, ya zama wani ruwa, a tace ruwan, a zuba shi kan narkakken magnisiyam cikin tukunyar da aka kore wa iska, aka cika ta da iskar agon wadda ba ta haɗuwa da kome. Bayan kwanaki sai a fasa a sami ƙarfen kamar soso. Sa'an nan a sake narka soson a wurin da babu iska ko kaɗan, gama sai zafi ya kai digiri 1,668 ya ke narkewa. Kun ga inda tsadarsa ta fito.

Masu ƙera wuƙa ba su cika aiki da tsantsarsa ba. Abin da su ka fi saye gauraye ne wanda aka fito da shi a Amurka cikin shekarun 1950, a kan rubuta shi Ti-6Al-4V, watau cikin kashi 100 akwai goran-ruwa kashi 6, da wani ƙarfe banadiyam kashi 4, saura taitaniyam. Da shi a ke yin sassan jirgin sama, da shi kuma likitoci su ke yin ƙugun ƙarfe da ƙusoshin da a ke sa wa mai karaya, domin jikin mutum ba ya ƙinsa.

Halinsa

Halinsa na fari shi ne rashin nauyi. Santimita ɗaya ko ta ina na taitaniyam giram 4.5 ne, na ƙarfen wuƙa kuwa giram 7.8, na goran-ruwa 2.7. Ga lissafin da ya dace da 'yan aji shida. Mariƙin wuƙa yana da fallaye biyu, kowane tsawonsa santimita 11, faɗi 3, kauri 0.3. Kowane falle ya zama santimita 9.9 ke nan ko ta ina, biyun mu ce 20. In da ƙarfe aka yi su, giram 156. In da taitaniyam, giram 90. In da goran-ruwa, giram 54. Yaro mai wayo zai tambaya nan take, to, don me ba a yi da goran-ruwa ba, tun da ya fi sauƙi, ga araha? Wannan tambaya za mu amsa ta in mun zo kan makulli.

Na biyu, ba ya tsatsa, ko a ruwan teku. Dalilin kuwa kwaɗayin nan nasa ne na oksijin. Da zarar iska ta taɓa shi sai wata fata siririya, wadda ido ba ya gani, ta rufe shi ruf, in an karce ta ta sake fitowa nan da nan. Tsatsar baƙin ƙarfe ta kan ɓarɓashe ta bar sabon wuri a buɗe, tasa kuwa ta kan manne ta tsare na ciki. Wannan fata ce kuma ta ke ba maƙeri damar yi wa mariƙi ado ba tare da fenti ba. In ya tsoma shi cikin ruwa mai ɗan gishiri-gishiri ya sa masa lantarki, fatar sai ta ƙara kauri, hasken da ke komowa daga samanta da wanda ke komowa daga ƙarƙashinta su gamu, ido ya ga launi, kamar yadda mu ke gani in man mota ya zube bisa ruwan sama. Ƙaramin ƙarfin lantarki ya kan ba da ruwan tagulla, in an ƙara a sami shunayya da shuɗi, can gaba ruwan zinariya, har kore. Ja sosai da baƙi ba sa samuwa ta wannan hanya.

Na uku, mayen ƙarfe ba ya kama shi. Na huɗu, yana da danƙo irin na sifirin, in an tanƙwara shi ya kan komo. Wajen ƙin lanƙwasa kuwa bai wuce rabin ƙarfe da kaɗan ba, watau in aka ɗora kaya iri ɗaya bisa sanda biyu masu kauri ɗaya, ta taitaniyam za ta sunkuya kusan ninki biyu na ta ƙarfe.

Yadda a ke ƙera ta

In an ce an ƙera da hannu, kada ku zaci zugazugi da masaba da uwar maƙera. Yawancin masu wannan sana'a falle su ke saye, su zana siffar wuƙar a kai, su yanka da zarto, su goge a kan na'ura mai ɗamarar yashi, su huda, su gyara da magagari. Aikin kuwa akwai cin rai. Taitaniyam ba ya watsa zafi, duk zafin ya kan taru a daidai inda a ke yanka, sai bakin abin hudawa ya ƙone tun bai yi nisa ba. Dole a tafi a hankali, a danna sosai, a riƙa zuba ruwan sanyaya. Tartsatsinsa fari ne fat mai kashe ido, ba ja kamar na ƙarfe ba, garinsa kuwa in ya taru ya kan kama wuta, wutar da ruwa ba ya kashewa sai dai ya ƙara hura ta. Da busasshen yashi ko gishiri a ke rufe ta.

Wuƙa mai ninkewa tsohuwar aba ce, Romawa ma sun yi ta. Abin da ke da wuya a cikinta kullum shi ne makulli, watau abin da zai hana ruwan ya rufo bisa yatsun mai ita yana tsakiyar aiki. A 1980 wani Ba'amurke, Michael Walker, ya gyara wata tsohuwar dabara ya kyautata ta. A cikin mariƙi ya kan sa wani siririn falle wanda aka tsaga aka ɗan tanƙwara. In an buɗe wuƙar, fallen sai ya faɗo bayan gindin ruwan ya tokare shi, in za a rufe a tura shi gefe da babban yatsa. Wajen ƙarshen shekarun 1980 kuma Chris Reeve, haifaffen Durban ta Afirka ta Kudu, wanda ya koma Boise ta jihar Idaho a 1989, ya ga ba sai an sa wani falle dabam ba. Ya tsaga jikin mariƙin kansa, ya mai da wani sashe nasa makulli, har ma in mutum ya ƙanƙame wuƙar hannunsa yana ƙara danne makullin. Ya sa wa wuƙar suna Sebenza, watau aiki da harshen Zulu. To, a nan ne amsar tambayar yaron nan ta ke. Makullin nan sifirin ne, za a tura shi ya komo sau dubbai. Goran-ruwa ba ya jure wannan, ya kan gaji ya tsage, bakinsa kuma ya cinye. Ƙarfe zai jure amma ga nauyi. Taitaniyam ya haɗa danƙo da sauƙi, shi ya sa ya zama sarkin mariƙi.

Ku lura fa, ruwan Sebenza na ƙarfe ne, mariƙin ne kaɗai taitaniyam, haka kuma yawancin wuƙaƙen da a ke kira na taitaniyam a kasuwa. Waɗanda har ruwansu taitaniyam ne kaɗan ne, su ne kuwa abin maganarmu.

Tun a makullin ma kabaid ya kan shigo. Taitaniyam yana da wani mugun hali, in ya gogi wani ƙarfe da ƙarfi ya kan ɗanƙare masa kamar ƙaro. Sai makulli ya cije a gindin ruwa, mai wuƙa ya yi ta fama da babban yatsa kafin ya rufe ta. Maganin da maƙera da yawa su ke yi shi ne su shafa kabaid a ɗan bakin makullin, wurin da bai fi ƙwayar shinkafa ba. Waɗansu kuma su kan dasa ɗan guntun ƙarfe mai tauri a wurin. A ganina wannan shi ne aikin kabaid wanda babu gardama a kansa.

Tauri da kaifi

Yanzu mu zo kan ruwan. Bakin wuƙa wuri ne da aka sirance har ya zama ido ba ya ganin faɗinsa. Na aska mai kyau bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Dukan ƙarfin hannun mutum a wannan ɗan siririn layi ya ke taruwa, shi ya sa ya ke shiga. Hanya uku bakin ya ke mutuwa: ko ya tanƙware ya kwanta gefe, ko ya ɓalle ya yi giɓi, ko kuwa ya goge a hankali ya zama dunƙule. Ƙarfe mai taushi ya kan kwanta, mai tauri fiye da kima ya kan ɓalle, kowanne kuwa ya kan goge.

A kan auna tauri da ma'aunin Rockwell, wanda waɗansu Amurkawa biyu masu wannan suna su ka sami rajistarsa a 1919. A kan danna tsinin daimon bisa ƙarfen da nauyin kilo 150, a duba zurfin ramin da ya yi. In ramin bai yi zurfi ba lambar ta yi sama. Ƙarfen wuƙa mai kyau ya kan kama daga 57 zuwa 62. Abin da ke kai shi can shi ne ɗan gawayin da ke cikinsa, wanda in an gasa ƙarfen ya yi ja aka tsoma shi a ruwa ko mai, ya kan maƙale a ciki ya ɗaure shi tam. Maƙeranmu da su ke neman sifirin mota don yin wuƙa da adda sun san wannan da hannu, ko da ba su san lambar ba. Taitaniyam irin na Ti-6Al-4V kuwa yana wajen 36, in an yi masa dukan dabara ya ɗan haura 40. Akwai waɗansu gauraye na musamman da su kan wuce 45, irin wanda kamfanin Mission ya yi wa sojojin ruwan Amurka wuƙa da shi a shekarun 1990, amma ko su ba su kama ƙafar ƙarfe ba.

Wannan shi ne abin da ya kan ruɗe mutane. Sun ji an ce taitaniyam ƙarfen jirgin sama ne, sai su zaci ya fi kowane ƙarfe tauri. Ƙarfi daban, tauri daban. Igiyar rama tana da ƙarfi, za ta ja saniya, amma ba ta da tauri. Kwalba tana da tauri, ta kan karce ƙarfe, amma ba ta da ƙarfin jure bugu. Taitaniyam yana da ƙarfi in an gwada da nauyinsa, ba ya karyewa da sauƙi, amma in an wasa shi ya yi kaifi, kaifin ba ya daɗewa, 'yan yanka kaɗan sai bakin ya kwanta.

Kabaid

Kada mu haɗa shi da kabaid ɗin masu walda, farin dutsen nan mai wari wanda in an zuba masa ruwa ya kan fid da iska mai kama wuta, wanda kuma waɗansu marasa tsoro su ke nuna ayaba da mangwaro da shi. Wancan haɗin gawayi ne da sinadarin farar ƙasa. Kalmar kabaid dai ma'anarta gawayi ya haɗu da wani ƙarfe. Namu na nan haɗin gawayi ne da tangistin, ƙarfen da a ke yin zaren tsohon ƙwan lantarki da shi, wanda ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 3,422. A 1923 Karl Schröter na kamfanin Osram a Jamus ya gano yadda za a ɗaure garin wannan kabaid da ƙarfen kobal a gasa ya zama dunƙule, 'yan shekaru kaɗan bayan haka kamfanin Krupp ya fara sayar da shi da suna Widia, gajeren kalmomin Jamusanci masu nufin kamar daimon. Kun sha ganinsa ba ku sani ba. Shi ne ɗan guntun da ke bakin abin huda bangon siminti, shi ne kuma ƙwayar da ke bakin biro da yawa.

Don mu gwada su duka a ma'auni ɗaya, sai mu ɗauki na Vickers, wanda ya fi na Rockwell nisa. Taitaniyam ɗin wuƙa wajen 350. Ƙarfen wuƙa mai 60 a Rockwell wajen 700. Ƙwayar yashi wajen 1,100. Kabaid mai kobal ya kan kai 1,500 har ya wuce. Ku tsaya kan waɗannan lambobi, gama dukan labarin yana cikinsu. Yashi ya fi ƙarfen wuƙa tauri. Igiya kuwa, da kwali, da buhu, da fatar dabba, da kara, duk akwai ƙura da yashi a jikinsu, ciyawa ma tana tara irin sinadarin yashi a ganyenta. Ashe abin da ke cinye bakin wuƙa sau da yawa ba abin da a ke yankawa ba ne, ƙasar da ke jikinsa ce. Don haka ne ma a birnin Sheffield na Ingila, cibiyar CATRA mai gwada kaifin wuƙaƙe ta kan sa na'ura ta yi ta yankan takarda mai kauri wadda aka cuɗa da garin yashi kashi 5 cikin 100, a auna zurfin da wuƙar ta ci. Kabaid ya fi yashi tauri, yashi ba ya cinsa sai da ƙyar.

Yadda a ke shafa shi kuwa da tartsatsin lantarki ne. Asalin dabarar daga Tarayyar Sobiyet ta ke, wurin wani mutum da matarsa, su Lazarenko, waɗanda a shekarun 1940 su ka yi bincike kan yadda tartsatsi ke cin ƙarfe. A kan ɗaura waya ɗaya a ruwan wuƙar, ɗayar kuma a wani ɗan sandan kabaid kamar tsinke, wanda ke cikin wata 'yar bindiga mai karkarwa. Duk sa'ad da tsinken ya taɓa ruwan sai tartsatsi ya tashi, ɗigon kabaid ya narke ya manne, ya huce nan take. Maƙeri ya yi ta bi da shi a bakin, ɗigo bisa ɗigo, har wurin ya yi toka-toka, mai kaushi kamar takardar yashi. Ɗaya daga na'urorin da aka fi sani ita ce Rocklinizer, wadda a ke yi a Sioux City ta jihar Iowa, tun asali kuwa don gyaran kayan masana'antu aka yi ta, masu wuƙa ara su ka yi. Zafin a wuri ɗaya ya ke na ƙiftawar ido, saboda haka ruwan ba ya murɗewa. Abin da ya manne gauraye ne na kabaid da taitaniyam ɗin da ya narke tare da shi, bai kai tsantsar kabaid tauri ba, amma ya fi ƙarfen wuƙa. Kaurinsa sau da yawa bai kai na gashin kai ɗaya ba.

Haƙorin ɓera

Gefe ɗaya kaɗai a ke shafawa. Wanda ya gane dalilin wannan ya gane wuƙar duka. Ku nemi ƙoƙon kan gafiya ko na ɓera ku duba haƙoran gaba. Ta fuskar waje akwai wani ɓawo mai ruwan ɗorawa, mai tauri ƙwarai, ta ciki kuwa fari ne mai ɗan taushi. Sa'ad da ɓera ya ke gaigayar abu yana kuma goga haƙoransa da juna, na cikin ya kan rigaya cinyewa, ɓawon wajen ya tsaya shi kaɗai siriri, haƙorin ya zama kamar cizal ɗin kafinta. Gogewar da ta kan dakushe wuƙa ita ce ta ke wasa haƙorinsa. Haƙoran kuwa ba sa daina tsiro, na ɓera su kan ƙaru kamar milimita 2 zuwa 3 a mako. Maƙeran Japan sun daɗe da irin wannan tunani, su kan manna siririn ƙarfe mai tauri a gefe ɗaya na mai taushi in za su yi cizal ko wuƙar yanka kifi.

Haka maƙerin taitaniyam ya ke yi. Ya kan bar gefe ɗaya na ruwan a miƙe ya shafa masa kabaid, ya karkata ɗaya gefen kaɗai. In ana aiki da ita taitaniyam ya goge, kabaid ya fito. Ga yadda na ke ganin za a nuna wa yara wannan ba tare da wuƙa ba. A sami sabulun wanki mai tauri, a manna masa murfin gwangwani a gefe ɗaya, malami da kansa ya riƙe shi a karkace ya goga a kan dutse, gefen sabulun yana ƙasa. Ba za a daɗe ba yara za su ga sabulun ya ja baya, bakin gwangwanin ya fito. Sa'an nan a tambaye su, in da an manna gwangwani a gefe biyu fa, me zai faru? In sun yi tunani za su ce tsakiyar ce za ta cinye, a sami baki biyu da rami a tsakani, ba kaifi ɗaya ba.

Masu talla su kan ce wuƙar tana wasa kanta. Da gaskiya a ciki, amma rabi ce. Haƙorin ɓera yana da abokin gogayya wanda ke cinsa a kan karkata ɗaya kullum, wuƙa kuwa ba ta da shi. Abin da a ke yankawa ba ya bin karkatar da maƙeri ya yi, ya kan ci inda ya ga dama. Abin da ya tabbata shi ne, ta kan daɗe tana yanka bayan ta daina yin kaifin aska, ba wai tana komowa sabuwa ba.

Abin da ta ke iyawa da wanda ba ta iyawa

Yanka iri biyu ne. Akwai na ja, yadda mahauci ke jan wuƙa bisa nama, akwai na dannawa, yadda wanzami ke tura aska, ko yaro ke fiƙe fensir. Bakin kabaid in an duba shi da gilashin ƙara girma kamar zarto ya ke, ƙananan haƙora barkatai, gama ɗigon da tartsatsi ya bari ba daidai su ke ba. A yankan ja waɗannan haƙora su kan kama zare su tsinke shi. Saboda haka a igiya, da kwali, da buhu, da tsumma, da nama, wuƙar tana ci ƙwarai, tana kuma daɗewa tana ci, har ta kan bar wuƙar ƙarfe mai araha a baya in kayan masu ƙura ne.

A yankan dannawa kuwa ba ta da daɗi. Ba za ta yi aski mai kyau ba, ba za ta sassaƙa ice sumul ba, gama baki mai ƙuraje ba ya sirancewa kamar na ƙarfen da aka goge. Karkata ta gefe ɗaya kuma ta kan sa ruwan ya riƙa zamewa gefe in ana yanka abu mai kauri kamar doya, sai hannu ya saba. Ga kuma bahago, in ba tasa aka yi masa ba zai sha wuya.

Babban aibinta kuwa a abu mai tauri ya ke. Ku tuna kabaid ɗin bai kai kaurin gashi ba, abin da ke bayansa yana tallafe shi kuwa taitaniyam ne mai 36. Kamar daɓen siminti ne siriri bisa laka. In bakin ya bugi ƙashi, ko ƙusa, ko gaɓar gora, ko ma farantin tangaran, na bayan ya kan ba da kai, bakin ya kwanta, kabaid ɗin ya tsage ya ɓare a wurin. Taurin saman bai hana taushin ƙasan ba. Nan ne na ke rabuwa da masu cewa kabaid ya mai da taitaniyam daidai da ƙarfe. Cikin hanyoyin mutuwar baki uku da mu ka lissafa, guda ɗaya ya magance, watau gogewa. Kwantawa tana nan yadda ta ke.

To, wa zai saye ta? Mai nutso a teku, wanda wuƙarsa za ta kwana cikin ruwan gishiri, abin da zai yanka kuwa igiya ce da taru. Sojan da ke kwance nakiya, gama akwai nakiyoyin da kan tashi in ƙarfen da mayen ƙarfe ke kamawa ya matso kusa da su. Mai tafiyar ƙasa da ke ƙirga nauyin kayansa giram giram. Sai kuma masu tara wuƙaƙe don sha'awa, su ne ma su ka fi yawa, ban kuwa ga laifinsu ba, aikin hannu mai kyau abin kallo ne. Amma ko wajen tsatsa yanzu taitaniyam ya sami kishiya. Tun da Harry Brearley ya fito da ƙarfe mara tsatsa a Sheffield a 1913 a ke ta kyautata shi, har an kai ga irin wanda aka sa wa naitirojin a madadin yawancin gawayinsa, wanda ke jure ruwan teku, ga shi kuma da taurin ƙarfe. Mahauci da manomi da uwargida a madafa, ni dai ban ga abin da zai raba su da wuƙar ƙarfe ba.

Wasa ta

Wanda ya sami irin wannan wuƙa, doka ɗaya ce zai riƙe: kada dutse ya taɓa gefen kabaid. Gefen da aka karkata kaɗai za a ɗora bisa dutsen wasawa, a bi karkatarsa sannu, ba da dannawa ba. Taitaniyam ya kan yi wani ɗan leɓe mai naci a baki wanda ba ya son faɗuwa, sai a shafa shi a fata ko a kwali har ya rabu. Kowane wasawa yana cin kaɗan daga faɗin kabaid ɗin, in kuwa an ci har an wuce iyakar inda aka shafa, sai a mayar wa mai na'ura ya sake shafawa, gama mai wasa wuƙa na kasuwa, da dutsensa mai juyawa, cikin minti ɗaya zai share shi duka ya miƙo wa mutum wuƙa mai ƙyalli wadda ba za ta yanka igiya goma ba.

Wani abokin karatuna ya tambaya ko maƙeranmu za su iya ƙera taitaniyam in sun same shi. A wutar gawayi da zugazugi aikin ba zai yi kyau ba. In ya yi ja cikin iska ya kan sha oksijin da naitirojin, samansa ya yi gautsi, sai an kankare shi, ba kuwa zai taurara da tsomawa a ruwa yadda sifirin mota ke yi ba. Amma duwatsun da a ke fid da abubuwan nan biyu ba baƙi ba ne a ƙasarmu. Baƙin yashin nan irin wanda Gregor ya ɗiba yana cikin tarin ƙasar da masu haƙar kuza su ka bari a kewayen Jos da Bukuru, dutsen tangistin kuma akwai shi tare da kuza a duwatsun Riruwai ta jihar Kano. Saliyo tana cikin ƙasashen da su ka fi fid da jan dutsen taitaniyam mai kyau. Mafi yawan abin da a ke haƙowa a duniya, fiye da kashi 90 cikin 100, ba ƙarfe a ke yi da shi ba, farin gari a ke yi wanda a ke zubawa a fenti da takarda da roba. Malamin da makarantarsa ke kusa da tsohon ramin kuza ya iya sa yara su ɗebo yashin su shanya, su zuba a faranti su kaɗa shi da ruwa kamar mai rairayar shinkafa, farin yashi ya tafi, baƙin mai nauyi ya zauna a gindi.